Kiyashi a Ƙarƙashin Talabijin

Sufeto bai gama rataye hularsa ba ya ji hayaniya a kantar caji ofis. Ko shayinsa bai kurɓa ba, kuma duk ɗan sandan da ya yi aiki da shi ya san ba a nemansa da magana kafin shayi. Ya ja tsaki, ya fito.

Mutum huɗu ya tarar. Akwai wani mai kwat, takalminsa sai ƙyalli, wanda kowa ke kira Manaja saboda shi ke kula da wani babban shagon tayoyi. Akwai matarsa, malamar makaranta, ranta a ɓace. Akwai maigadin benen da suke haya. Can baya kuma wata dattijuwa ce a tsaye tana murza bakin mayafinta. Ita ce mai rainon ɗansu, Iya suke ce mata.

"Sata aka yi mana, yallaɓai," in ji Malama. "Jiya, da rana tsaka, a cikin falo."

"Me aka ɗauka?"

"Gem. Na'urar wasan nan da ake haɗawa da talabijin. Ta maigidana ce."

Sufeto ya juya wajen Manaja. "Kai ne mai kaya, kai ne kuma ka yi shiru."

"E to, yallaɓai, ni ina shago tun safe. Da yamma muka ga wurin wayam."

"Kana zargin wani?"

Manaja ya buɗe baki, amma matarsa ta riga shi. "Ga maigadi nan, ya faɗa da bakinsa."

Maigadi ya gyara tsayuwa. "Na ga Iya ta fita da rana da wata ƙatuwar jaka. Da ta dawo, hannu rabbana."

"Iya, ina kika je?"

"Ban fita ba, yallaɓai."

Da sauri ta faɗa, ta saci kallon Manaja, ta mai da ido ƙasa. Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya san ƙarya in ya ji ta.

"Saje, shigar da ita ciki ta huta, ƙila ta tuna."

Da ya sha shayinsa, wataƙila da ya tambayi kansa me dattijuwa za ta yi da gem. Bai tambaya ba. Ya ga kwat, ya ga koɗaɗɗen mayafi, ya yanke hukunci a tsaye.

Saje, wani dogo mai yawan dariya, ya karɓi jakar hannunta da wayarta. A bakin ƙofar sel Iya ta waiwayo.

"Malama, Auta fa tun da na zo da safe yake amai. Ko ruwa bai zauna masa ba. A duba shi."

"Ki bar mini ɗana, na san zazzaɓinsa ne. Ke dai ki fito da kayan mutane."

Sufeto ya ji maganar sarai. Ya sa hannu a takarda ya koma wajen shayinsa.

Da hantsi shi da Saje suka je gidan. Ƙofa lafiya lau, makulli ba a taɓa shi ba, tagogi duk da ƙarfe. Falon fes, irin na matar da ba ta wasa da tsabta. Malama ta karɓo Auta daga maƙwabta, ta zauna da shi a cinya. Yaron bai wuce shekara uku ba, ya yi laushi, idanunsa sun faɗa.

"A ina gem ɗin yake zama?"

Manaja ya nuna kantar da ke ƙarƙashin talabijin. Sufeto ya durƙusa. An goge wurin tas. Ya jawo durowa, sai ga hannayen gem guda biyu, ga wayoyinsa an naɗe su tsaf an ɗaure.

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawon da ya saci mota ya bar sitiyari?"

"Har ya naɗe wa mai ita waya? Oga, wannan ɓarawo ya sami tarbiyya."

Babu wanda ya yi dariya sai shi kaɗai. Sufeto ya ƙara sunkuyawa. Wani siririn layin kiyashi ne ya fito daga bayan kantar, ya bi gefen katako, ya taru a wata kusurwa da tsumma bai kai ba. Ya dangwala yatsa. Wurin yana danƙo.

"Kuna cin kayan zaƙi a nan?"

"A falona? Haram," in ji Malama. "Saboda gem ɗin nan na hana. Yallaɓai, ba irin wahalar da bai sha ba a hannun yaron nan. Ya jawo waya ya faɗo da shi ƙasa, ya tashi. Ya cusa masa biskit a bakin da ake zura faifai, aka zaƙulo, ya ci gaba da aiki. Har fensirin kala an taɓa cirowa. Ni har na fara ce masa mai rai tara."

"To sai kika kafa doka."

"Biyu ma. Ba a shigo da abinci falo. Kuma ba a barin Auta da babansa su kaɗai. In ya ɗora abin nan a kunne ya fara buga ƙwallo, ko gidan ne zai rushe ba ya ji. An taɓa tsintar yaron a kan matakala, shi yana nan yana ihun ya ci. Ranar na gaya masa, in aka sake, zan kwashe ɗana in bar masa gidan da gem ɗinsa."

Manaja ya yi murmushin yaƙe, yana jujjuya makullin mota a hannu.

Sufeto ya ajiye wayarsa a hannun kujera don ya rubuta wani abu. Auta ya miƙa hannu a hankali ya taɓa ta. Ta sha rana a aljihu, ta ɗau ɗumi.

"Zafi," in ji yaron. "Ba lafiya. Sha magani."

"Haka yake," in ji uwar tana shafa kansa. "Komai ya taɓa ya ji zafi sai ya ce a ba shi magani. Ko dutsen guga ne. Wajen Iya ya koya."

Makullin ya kuɓuce daga hannun Manaja ya faɗi ƙasa. Sufeto ya dube shi.

Da suka sauko, suka zagaya bayan bene neman maigadi. A can yake da ɗan kejin kajinsa, kusa da bola. Kajin sun duƙufa a kan wani tsohon faranti suna ta tsattsaga.

"Kai, maigadi, kajinka sun fi ni gata," in ji Saje. "Ɗanyar shinkafa mai kyau haka?"

"Tsinta na yi a bola."

Sufeto ya ɗebo kaɗan a tafin hannu. Shinkafar ta dunƙule wuri-wuri, dunƙulen ja-ja, suna manne wa yatsa. Kiyashi sun yi mata caa. A gefen keji ga bokiti nan, shinkafa ta kusa cika shi.

"Wa ke zubar da bokitin shinkafa a wannan zamani?"

"Masu hali, yallaɓai."

"Jiya Manaja ya dawo gida da rana?"

"A'a. Ban gan shi ba."

"Idonka ya ga jakar tsohuwa, amma bai ga mota ba?"

Maigadi ya sosa ƙeya.

"Ka ji ni da kyau. Da bakinka aka rufe matar nan. In na gano ka rage wani abu, kai ma yau a can za ka kwana, kajin su yi gadin kansu."

Maigadi ya sauke murya. "Ya dawo, yallaɓai. Kafin Iya ta fita ma. Can wajen la'asar ya sauko da bokitin nan ya ce in zubar, na ga asara ce na ba kaji. Ya sa wani abu a but ɗin mota, a naɗe da tawul. Ya ce in Malama ta tambaya, ban gan shi ba."

"Shi ya ce ka ambaci Iya?"

"A'a, wallahi. Malama ce ta tsare ni, wa ya shiga wa ya fita. Na ga tunda an hana ni faɗin ɗaya, sai na faɗi ɗayan." Ya sunkuyar da kai. "Ban san abin zai kai caji ofis ba. Matar nan kullum sai ta gaishe ni."

A mota Saje ya ce, "Oga, biri ya yi kama da mutum. Amma shinkafar fa?"

"Ranar da wayarka ta faɗa kwata, me ka yi mata?"

"Na binne ta cikin shinkafa ta tsotse ruwan." Saje ya dafe sitiyari. "Kai! Ashe jiƙewa ya yi."

"Ba da ruwa ba. Ruwa ba ya kiran kiyashi."

A caji ofis Sufeto bai aika a fito da Iya ba, da kansa ya je. Tana zaune a ƙasa a kusurwa, ta haɗa kai da gwiwa. Ya sa aka kawo ta ofishinsa, ya ba ta kujera, ya tura mata ruwa. Kunya ta hana shi kallon fuskarta sosai.

"Iya, maigadi ya faɗa mini Manaja yana gida jiya. Yanzu ke nake saurare."

Sai hawaye ya zubo mata.

"Na fita, yallaɓai. 'Yata ce ta haihu, aka yi mata aiki. Zannuwa da kayan jariri ne a jakar, can na baro su. Na roƙi Malama tun shekaranjiya ta ce in bari sai ranar hutu. Jiya da Baban Auta ya dawo da rana, ya ga ina share hawaye, ya ce in je in dawo, shi zai riƙe yaron. Amma kada Malama ta ji."

"Shi ya sa kika ce ba ki fita ba."

"Alheri ya yi mini. In na faɗa, aurensa zai girgiza, ni kuma aikina ya tafi. Na ɗauka zai yi magana. A kanta ina ta kallonsa, ina jira ya ce wani abu."

"Me kika bar masa kafin ki fita?"

"Maganin zazzaɓin Auta. Na ruwa ne, ja, mai zaƙi. Shekaranjiya aka buɗe kwalbar, kusan a cike take. Na nuna masa cokali, na ce in ya ba shi ya rufe da kyau ya mayar saman firij, don yaron yana son shi kamar alewa."

"Da kika dawo fa?"

"Na tarar an yi wa Auta wanka an sauya masa riga. Har na yi mamaki, don Baban Auta bai taɓa yi masa wanka ba. Ban lura da gem ba, ni ba kallon wurin nake ba." Ta ɗago. "Yallaɓai, an duba yaron kuwa?"

Duk abin da Sufeto yake da shi zuwa yanzu zato ne, kuma zato ba ya buɗe sel. Ya ce ta zauna nan ofis kada a mai da ita ciki, ya ɗauki hularsa.

Bayan shagon tayoyin akwai layin masu gyaran waya da talabijin. Mutum ɗaya ne a cikinsu ke taɓa gem, wani mai tabarau da ake kira Likitan Gem, har ya rubuta hakan a allon shagonsa. Shagon ƙarami ne, kantoci cike da na'urori a buɗe, ga ƙaurin dalma.

"An kawo maka gem jiya da yamma?"

"Jiya? Kasuwa ma babu jiya, yallaɓai."

"Manajan shagon tayoyi bai zo nan ba?"

"Ni gaisuwa kawai ke haɗa mu."

Sufeto bai yi musu ba. Ƙasa yake kallo. Daga bakin ƙofa layin kiyashi ya shigo, ya ratsa tsakanin ƙafafun mai gyaran, ya shige ƙarƙashin tebur.

"Saje, bi mini waɗannan shaidun, su ba sa ƙarya."

Saje ya duƙa ya jawo wani abu a naɗe da tawul. Gem ne, baƙi, ƙwayoyin shinkafa sun maƙale a hudojin da yake shan iska.

Likitan Gem ya cire tabarau ya goge. "Ya ce sirri ne tsakaninsa da iyalinsa. Ni ban san da 'yan sanda a ciki ba."

"Akwai tsohuwar da ta wuni a tsare saboda sirrin nan. Buɗe shi."

Ya ɗauki sukudireba ya fara kwancewa. Baki kuwa bai tsaya ba, irin na mai neman wanke kansa.

"Wannan samfurin yana da ƙarfi, yallaɓai. Shi nake ce wa masu yara su saya. Ya faɗo daga kanta ya tashi. Ƙura ta toshe shi, a hure, ya ci gaba. Na ciro sulalla, na ciro ɗan kunne, na ciro kan 'yar tsana, duk suka warke. Wannan ɗin ma sau nawa ina gyara shi. Amma masu ƙera shi ba su yi lissafin yaro mai tausayi ba."

Murfin ya ɗago da ƙyar, yana jan zare-zaren danƙo. Ciki ja wur. Fanka ta manne, allon cikin ya yi baƙi a gefe ɗaya inda wuta ta ci. Wani ƙamshi mai zaƙi ya tashi. Sufeto uba ne, ya san ƙamshin nan tun kafin ya kai hanci.

"Maganin yara ne," in ji mai gyaran. "Ta hudojin sama aka ɗura, yana kunne. Shinkafa kuwa ba abin da za ta yi wa sukari."

"Kwalba guda ce a ciki?"

Ya karkata na'urar yana dubawa. "Da wuya. Ko da wanda ya tsiyaye, bai fi rabi ba."

Sufeto ya tsaya cak. Kwalba kusan a cike. Rabi a cikin gem. Wanka da sabuwar riga. Yaro yana amai tun safe.

Ya zaro waya da sauri ya kira Malama.

"Malama, ki saurare ni, kada ki tambaye ni komai. Ki ɗauki Auta ki kai shi asibiti mafi kusa yanzun nan. Ki tafi da kwalbar maganinsa. Ki ce musu ana zaton ya sha fiye da ƙima tun jiya."

Saje bai taɓa tuƙi irin na ranar ba, kuma bai yi wasa ko ɗaya a hanya ba.

Sun tarar da su a barandar ɗakin yara. An shiga da Auta an ɗebi jininsa. Malama tana tsaye ba mayafi, takalmanta ma ba iri ɗaya ba ne. Manaja ya iso daga shago, yana ta kai da komo. Likita, wata mace mai gajeren haƙuri, ta fito riƙe da kwalbar.

"Wannan ai sabuwa ce, cokali ɗaya aka ɗiba. Wa ya ce yaron ya sha da yawa?"

Malama ta karɓi kwalbar ta juya ta. "Wannan ba ita na saya ba. Tawa tambarin kemis ɗin kusa da makaranta ne a jiki."

"Ƙila Iya ce ta sauya," in ji Manaja, muryarsa can ƙasa.

Har yanzu Iya. Ran Sufeto ya ɓaci. Ya karɓi tawul daga hannun Saje, ya ajiye a kan benci, ya yaye. Gem ɗin ya bayyana a buɗe, ja wur, ƙamshinsa ya cika wurin.

"Ga kayanka an gano, Manaja. Ba ka yi murna ba?"

Manaja ya kalli abin, ya kalli matarsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ba ni da lokacin wasan kwaikwayo," in ji Likita. "Maganin nan in ya yi yawa hanta yake taɓawa, kuma ba ya nuna kansa da wuri. Ina so in san yaushe ya sha, kuma nawa ya sha. Wa ke tare da shi?"

Malama ta juya ta dubi mijinta.

"Baban Auta," in ji Malama a hankali. "Kana shago jiya. Ko ba haka ka ce ba?"

Ya zauna a bencin kusa da gem ɗin.

"Ni ne. Ina gida." Ya rufe fuska da hannu. "Bayan azahar ne. Na ba shi cokali ɗaya, na ajiye kwalbar a kan tebur, na ce in na gama wasan nan zan rufe. Na mai da abin kunne. Ban san ya ɗauka ba. Sai gani na yi talabijin ya ɗauke. Na juyo, yana tsaye a gaban kanta, kwalba a hannunsa ba komai ciki. Bakinsa ja, rigarsa ja. Yana ce mini, Baba, ya sha magani."

"Nawa shi ya sha?" in ji Likita.

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, kuma ba ka kawo shi ba?"

"Na ga yana wasa, yana dariya. Na ce ai a gem ya zuba duka. Na yi masa wanka, na sa gem ɗin a shinkafa, na goge wurin, na sayo wata kwalbar. Na ce in aka gyara kafin ta lura, shi ke nan. Da ta tambaya, bakina ya ce ko sacewa aka yi. Daga nan abin ya fi ƙarfina."

Likita ba ta tsaya jin sauran ba, ta juya ciki da sauri tana kiran nas.

Malama ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

"Da safe yana amai a jikina, kana tsaye kana ɗaura agogo," ta ce. "Ka sani, ka bar ni ina cewa zazzaɓi ne. Ka bar ni na ja matar da ta goya shi zuwa caji ofis, na kira ta ɓarauniya a gaban mutane."

"Tsoro na ji, Maman Auta. Kin ce za ki tafi."

"Gem ɗin ka kai wa likita. Ɗanka ka bar shi a gida."

Manaja ya sunkuyar da kai.

Sun daɗe a barandar kafin Likita ta sake fitowa. Ta ce an sa wa yaron ƙarin ruwa da maganin da ke karya wancan. Jinin ya nuna ya sha, hantar ta fara jin jiki, amma an zo da sauran lokaci. Zai kwana biyu a wurinsu. Ta kalli abin da ke kan benci.

"Ku gode wa Allah da ya raba da wannan. Da shi kaɗai ya shanye, da wani zancen ake yi."

Malama ta sulale ƙasa tana kuka. Sufeto ya jira ta ɗan natsu, sannan ya taɓa kafaɗar mijin.

"Manaja, za ka biyo mu. Rahoton ƙarya, sa a tsare mutum ba da laifi ba, da sakaci da ran yaro. Sauran bayani a ofis."

"Ku bari in gan shi, ko ta taga ne."

Sufeto ya dubi Malama. Ta share fuska, ta tashi ta shige ɗakin, ta ja ƙofa. Manaja ya miƙa hannuwansa da kansa. Saje ya ce ba sai an sa ankwa ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka koma caji ofis. An mayar wa Iya jakarta da wayarta, tana tsaye a kanta. Manaja ya shigo, aka ce ya cire bel da takalmi da agogo. Da ya gan ta sai ya durƙusa a kan simintin, da kwat ɗinsa da komai.

"Iya, ki yafe mini."

Ba ta ko dube shi ba. Sufeto ta fuskanta.

"Yaron fa?"

"Yana asibiti, an sa masa ruwa. Likita ta ce zai tashi."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗaga hannu sama, leɓunanta suna motsi.

Sufeto ya cire hularsa. A gaban Saje da kofur da duk wanda ke kanta ya ce, "Iya, ni ma ina neman afuwa. Na rufe ki ban bincika ba."

"Rufewar ba komai, yallaɓai, ga shi na fito." Ta gyara mayafinta. "Amma tun safe na ce yaron yana amai, a duba shi. A gabanka na faɗa. Ka ji ni."

"Na ji ki."

"To."

Da zagi ta yi, da Sufeto ya san inda zai ajiye shi. Ya tsaya da hula a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Wane asibiti ne?" ta tambaya. "Ba ya yarda da cokali a hannun kowa sai nawa."

"Zo mu je, ni zan kai ki."

Ya ɗauki makullin motar sintiri. A bayansu Saje ya ɗago Manaja daga ƙasa, ya bi da shi ta siririn lungun da aka bi da Iya da safe, ƙafarsa ba takalmi. Sufeto yana riƙe wa dattijuwar ƙofar mota ya ji ƙarar sakatar sel.